Mutum Nawa Ne a Gidanku?

Ƙofar Sauri, Katsina.
22 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar, ya kunnen, ya mutanen Kankiya? Baban Madina yana gaishe ki, Madina kuma ta ce a tuna maki alkawarin ƙuli-ƙulinta. Tunda kunnen nan ya ƙi waya, kullum na kira sai "iye, wa ke magana", na koma takarda kamar zamaninku. Direban motar garinku zai riƙa kawo maki.

Gwaggo, zauna da kyau ki ji abin da ya same ni. Shekara tara ina koyar da aji biyar lafiya lau, ranar Litinin hedimasta Malam Hashimu ya kira ni ofis ya ce bana aji ɗaya zan riƙe. Aji ɗaya, ni Haulatu! Da na leƙa ajin kuwa, tabɗijam. Yara tamanin da huɗu, wani na kuka, wani ya jiƙa wando, wata ta gantsara wa ta kusa da ita cizo. Yanzu na gane inda kunnenki ya tafi, shekara talatin kina cikin wannan hayaniya.

Ya ce kafin Juma'a in miƙa mashi tsarin darussan lissafi na shekara gaba ɗaya, sati bayan sati. Kwana biyu na yi na gama, har da jan layi da jan biro. Zangon farko za mu ƙirga ɗaya zuwa goma cikin sati uku, mu koyi rubuta lambobi, mu san sifili, sannan mu haura hamsin kafin hutu. Zango na biyu tarawa ce, da gomomi da ɗaiɗai, na matso da su farko don kada azumi ya riske mu a tsakiyarsu. Zango na uku ɗebewa, sai awo da siffofi da kwanakin mako. A taron bitar da aka yi mana bara an ce a fara wa yaro da abin da ya sani a gida, to a kan haka na gina satin farko-farko. Malam Hashimu ya duba ya ce ko a ofishin ilimi aka rubuta sai haka. Kin san ɗiyarki da son yabo, har gida na kawo murmushin.

Akwai wata yarinya da ta shiga raina, sunanta Hajo, shekararta bakwai. Babanta Malam Hamman makiyayi ne, rugarsu tana can bayan gari. Da kansa ya kawo ta a keke, da ƙwaryar nono wai ta Malama ce. Ya ce ita ce mace ta farko a rugarsu da aka sa boko, sai da ya yi ta fama da tsohuwarsa kafin ta yarda, don haka amana ya ba ni. Ranar Laraba ban ma buɗe rajista ba, yarinyar nan ta jawo mani hijabi ta ce mai giɓin nan da mai jan takalmi ba su zo ba. Na kira suna, wallahi su biyun ne kawai babu. Cikin yara tamanin da huɗu, a kwana uku! Wannan ita za ta ɗaukar mani na ɗaya.

A gaida kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a kada su kurumtar da ni.

Taki ɗiya,
Haulatu.

&nbsp;

Ƙofar Sauri, Katsina.
5 ga Oktoba, 2024.

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ya jikin, ya gida? Saƙonki ya iso, ƙuli-ƙuli da tsohon littafinki na tsarin aji ɗaya. Madina ta gama da nata tun a daren. Littafin kuwa, Gwaggo, ɓera ya ci gefensa, sai ƙamshin turaren wuta yake. Na ga kin rubuta a bango cewa in karanta shafin farko kafin in fara komai. Zan karanta in na samu sarari, yana nan saman wadirof. Amma ki yi haƙuri, zamani ya canja, yanzu ba a koyarwa irin ta lokacinku.

Bari ki ji abin mamaki. A sati na uku na ba su aikin gida ɗaya tal, na rubuta wa kowa a littafinsa: Mutum nawa ne a gidanku? Mene ne ya fi wannan sauƙi? Washegari na karɓi littattafai, na rantse maki ko rabi ba su rubuto lamba ba. Wani uba ya rubuta "Masha Allah" a gurbin amsa. Wani ya rubuta "Allah Ya ƙara". Wata uwa ta aiko a ce mani su ba su ƙirga ɗiya. A cikin birnin Katsina fa, a wannan zamani! Na san ana faɗin wai ƙirga mutane yana sa su ragu, ke kanki ban taɓa jin kin faɗi yawan jikokinki ba, amma na ɗauka maganar tsofaffi ce ta zaman tabarma. Raina ya ɓaci, na ce ashe aikin da ke gabana ya wuce lissafi.

Wadda ta fi ba ni haushi Hajo ce, don ita na fi sa wa rai. Kwana biyu tana kawo littafi ba komai. Na tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce kakarta ta hana, ko shanu ba a ƙirgawa a rugarsu balle mutane. Na fito da ita gaban aji, na ce wannan camfi ne, mai ilimi ba ya tsoron lamba, kuma gobe kada ta shigo mani aji sai da amsa. Ranar Alhamis ta zo ta tsaya jikin teburina, murya can ƙasa ta ce tara ne. Wai lokacin cin tuwo ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya gani, har da jaririn ƙaninta Sagir da ke bayan uwarsu. Na sa aji duka suka tafa mata. Ba ta yi dariya ba, amma za ta saba.

Mun cika goma daidai ranar da na tsara, har suna rera ɗaya zuwa ashirin kamar waƙa. Sati mai zuwa rubuta lambobi. Ki gaida mutanen gida.

Taki,
Haulatu.

&nbsp;

Ƙofar Sauri, Katsina.
19 ga Oktoba, 2024.

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki gafarce ni, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sagir, ƙanin Hajo, ya rasu. Watansa bakwai a duniya. Zazzaɓi ne, kwana shida bayan ranar da na sa aka tafa mata.

Sati guda ba ta zo ba, ni kuma ina ta mita wai Fulani sun fara halin nasu. Shekaranjiya Malam Hamman ya jingine kekensa a bakin aji ya faɗa mani. Ya ce ranar da aka dawo daga maƙabarta, yarinyar ta je gaban kakarta da kanta ta ce ita ce, ita ta ƙirga su, da su tara ne yanzu sun koma takwas. Tsohuwar ta ɗora hannu a ka tana salati tana cewa dama ta faɗa. Ba wanda ya doke ta, Gwaggo, da ma dukan aka yi da ya fi sauƙi. Tun ranar ba ta cin abin kirki, ba ta wasa, in ta ga rigar makaranta sai ta shige bayan bukka. Shi bawan Allah bai ɗaga mani murya ba. Ya ce ajali ne, jikin yaron da ɗumi tun kafin wannan magana, shi bai ɗora wa kowa ba. Ya zo ne kawai ya shaida mani kada in ga shiru, don ba zai iya jawo ta makaranta tana kuka ba. Da zai tafi har godiya ya yi mani. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ni na ajiye ɗebewa sai zango na uku, da jan biro. Yarinyar nan ta koye ta a sati na huɗu, a kan ƙaninta, kuma ni na kai ta.

Da na dawo gida ban ko cire hijabi ba na taka kujera na sauko da littafinki. Ga abin da na tarar a shafin farko, da rubutunki na ƙuruciya: "Kada a sa yaro ya ƙirga mutanen gidansu ko dabbobinsu. Ko da camfi ne, in wani abu ya faru yaron ne zai ɗauki nauyin, ba malami ba." Sati biyu da kwanaki yana saman wadirof ɗina, Gwaggo! Kullum sai na wuce ta ƙarƙashinsa in ɗauki jaka. Na zauna a ƙasa na yi kuka har Baban Madina ya tsorata ya ɗauka daga Kankiya aka aiko da mugun labari.

Na san ba lamba ke kashe mutum ba, ke ma kin sani. Amma Hajo ba ta sani ba, kuma amana aka ba ni. Ki faɗa mani yadda zan yi. Ko zagina za ki yi ki rubuto, na cancanta.

Ɗiyarki mai kunnen ƙashi,
Haulatu.

&nbsp;

Ƙofar Sauri, Katsina.
30 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya sanyi, ya ƙafar? Allah Ya ƙara sauƙi. Takardarki ta iso tuni, layi biyu kacal, wai in tashi in je da ƙafata, kuma kada in je da littafi. Ko zagin ba ki yi ba, shi ya fi yi mani ciwo.

Na je. Baban Madina ya kai ni rugar a babur ranar Asabar da yamma, da sabulu da ɗan sukari na gaisuwa. Uwar Sagir ta amsa mani da kyau. Kakar kuwa ta juya mani baya, na durƙusa har gwiwata ta yi tsami kafin ta ce Allah Ya ba da lada. Hajo na samu a bayan garke. Na tsuguna na ce mata ni na sa ta, in akwai laifi nawa ne. Na ce mata yara talatin da wani abu sun ƙirga gidajensu a ranar, ba wanda ya rasa kowa. Babanta ma ya sake faɗa mata cewa Sagir ba shi da lafiya tun kafin nan, kuma Wanda Ya ba su shi ne Ya karɓa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana ta tonon ƙasa da tsinke.

Muna nan aka fara ɗaure maruƙa. Kin san dangwali, doguwar igiyar nan mai zarge-zarge, kowane maraƙi da nasa zargen. Sai na ga Hajo ta miƙe zumbur ta ruga cikin kara, can ta dawo tana koro wani ɗan ja. Ashe zarge ɗaya ta hango ba kowa. Ba ta ƙirga ba, ba ta ambaci lamba ba, amma ta san ɗaya bai dawo ba. Gwaggo, sai na tuna littafinki. Abin da kika cika sati shida na farkon littafinki da shi ke nan, wanda na karanta ina cewa ɓata lokaci ne: haɗa abu da abokinsa, ware iri-iri, wanne ya fi yawa, wanne ya gaza, duk ba a kira lamba ba.

Ranar Litinin na gwada ajina. Na zube murafun kwalba a tebur na ce kowa ya miƙo mani bakwai. Waɗannan da ke rera mani har talatin kamar masu tilawa! Wani ya dumbuzo cike da hannu, wata tana cewa ɗaya, biyu, uku, bakinta na gudu yatsanta na tsaye a kan murfi ɗaya. Goma sha ɗaya kaɗai suka iya. Na riƙe haɓa na ce oh ni Haulatu, ashe sati shida aku nake kiwo.

A daren na yage tsarin nan mai jan layi na sake sabo. Mun koma baya, haɗawa da warewa tukuna, da ƙwallon goruba da murafu da tsakuwa. Na sayo igiya a Babbar Kasuwa na yi mata zarge goma na rataye a gaban allo. Daga nan ɗaya zuwa biyar, ba za mu wuce ba sai kowa ya iya miƙo biyar da hannunsa, sannan zuwa goma. Hamsin ta jira zango na biyu, tarawa ta biyo bayanta. Malam Hashimu ya kusa haɗiye hularsa. Ya ce ɗayan ajin ɗaya sun kai arba'in a ƙirga ni ina wasan goruba, me zai ce in masu dubawa sun zo? Na ce ya turo su wurina. Kin san bakina, sai da na koma na ba shi haƙuri washegari, amma tsarin ban canja ba.

Na aika wa Hajo ta bakin babanta cewa yanzu akwai dangwali a aji, kuma ba wanda ya iya ɗaure shi. Sati biyu shiru. Ranar sha ɗaya ga wata sai ga keke a bakin ƙofa. Ta dawo, Gwaggo, amma ba duka ba. Duk aikin da aka yi da hannu ita ce gaba, sai dai ko lamba ɗaya ba ta furtawa. In aji na ƙirga goruba sai ta datse baki ta kalli taga. Ni kuma na rantse ba zan sake matsa mata ba. Malam Hamman ya ce zai gani zuwa ƙarshen shekara, in har abin yana cin ta, gara ta zauna gida wurin uwarta, kuma kakar ba za ta bari a sake sa wata mace ba. Ban ga laifinsa ba.

A gaida mutanen gida. Ki ci gaba da yi mana addu'a, ni da ita.

Taki,
Haulatu.

&nbsp;

Ƙofar Sauri, Katsina.
21 ga Yuni, 2025.

Gwaggona, uwata, malamata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Barka da ruwa, ya shuka, ya ƙarfin jiki? Mun ga juna da Sallah amma hayaniyar jikoki ba ta bar mu mun yi magana ba, ga kunnen naki. To yau ki sa tabarau, labari ne da ni.

Kin san ɗebewa ce ta rage mana. Sau biyu ina ɗage ta, na sa awo a gabanta, na sa siffofi, duk don tsoro. Da na rasa abin fakewa muka fara farkon watan nan. Na bi duk misalan na tsince masu tara a ciki na zubar, kuma ban yarda a ce tsuntsu ko akuya ba, goruba kawai. Yaran sun kama da wuri har Malam Hashimu ya fara leƙowa yana gyaɗa kai. Hajo tana rubuta amsa daidai a littafi, amma bakin nan a rufe, wata takwas ke nan. Saura sati biyar a rufe makaranta, babanta kuma bai manta da maganarsa ba.

Ranar Talata sai ga mai duba makarantu, wata Hajiya mai tabarau, ba ta san komai a kan ajina ba. Ta karɓi alli a hannuna ta ce bari ta gwada su da kanta. Ina tsaye ina kallo ta rubuta 9 − 1 a allo, ta waiwayo ta nuna yarinyar da ke bencin gaba ta ce ta tashi ta faɗa da ƙarfi. Hajo ce. Oh ni, Gwaggo! Duk lambobin duniya, duk yara tamanin da huɗu! Kafin in ce a tambayi wani, aikin gama ya gama.

Yarinyar nan ta tashi ta zo teburina. Ta jera goruba tara, ta daɗe tana kallonsu har Hajiyar ta fara duba agogo. Sannan ta ɗauki ɗaya, ba ta ture ta gefe ba yadda muke yi, ta riƙe ta a tafin hannu. Ta ce takwas. Da ƙarfi ta faɗa, har na bayan aji suka ji. Hajiyar ta ce madalla, ta juya za ta rubuta wani. Ita kuwa Hajo ba ta koma benci ba. Ta ɗago ta dube ni, ni kaɗai, ta ce amma ba ita ta ɗauke shi ba, Allah ne.

Na ce mata haka ne. Abin da na iya faɗa ke nan, na fita bayan aji na toshe baki da hijabi. Hajiyar ta biyo ni tana tambaya ko ba ni da lafiya, har yau ba ta san abin da ya faru a gabanta ba.

Jiya Malam Hamman ya zo da ƙwaryar nono. Ya ce ranar Talata da yamma ta zauna kusa da kakarta ta ci tuwo har ta nemi ƙari, kuma in rubuta sunanta a aji biyu. Malam Hashimu ya tambaye ni ko in koma aji biyar baɗi, na ce a bar ni inda nake. Na fara rubuta tsarin sabuwar shekara, da baƙin biro wannan karon, kuma shafin farko naki na kwafe kalma da kalma. Littafinki ba zan maido ba, sai dai ki yi ƙarata.

Baban Madina da Madina suna gaishe ki. Ki gaida jikoki duka, Allah Ya ƙara, ban tambayi ko su nawa ne ba.

Wassalam. Taki ɗiya har kullum,
Haulatu.